KO KAMFANIN ASIRANSI YANA DA IKON CEWA A NUNA MASA FARMI?

A birnin Yamai ba mai mota ko mai babur da bai san takardun da ɗan sanda ke tambaya ba in ya ɗaga masa hannu a bakin Gadar Kennedy ko a kan hanyar tashar Wadata. Akwai kartigiris, watau takardar da ke nuna mai motar; akwai takardar bizit, wadda ke shaida lafiyar motar; akwai takardar asiransi, wadda maƙwabta na Nijeriya ke ce ma inshora; sa'an nan akwai farmi, watau takardar izinin tuƙi, wadda su kuma suke kira lasin. A bakin hanya ba a cika yin gardama a kan waɗannan takardu ba, gama kowa ya san hukuma ce ke tambaya. Inda gardama ke tashi shi ne a biron kamfanin asiransi. Mutum ya zo da kuɗinsa a hannu yana son a yanka masa takarda ya kama gabansa, sai ma'aikaci ya ce ya kawo farmi tukuna. Nan da nan rai ya ɓaci. Mai mota ya ce shi ba wurin jandarma ya zo ba, ciniki ya zo yi. Motar za a yi ma asiransi, ba shi ba. Kuma ma shi bai taɓa riƙa sitiyari ba, direba gare shi.

Maganar mai motar ba ta rasa gaskiya ba, amma ba ta ƙare zancen ba. Kuma zance ne da ya kamata a tsaya a kansa, domin ran da haɗari ya auku, wannan ƴar takarda da aka yi ma gardama ita ce ke iya raba tsakanin mutumin da kamfani ya ɗauke ma kaya da mutumin da zai sayar da gidansa ya biya diyya.

Inda dokar ta fito

Tilasta ma masu mota yin asiransi ba sabon abu ba ne a duniya. Ingila ta kafa wannan doka a shekarar 1930, Faransa kuma a 1958. Dalili ɗaya ne ko'ina: mota tana iya yin ɓarnar da ta fi ƙarfin aljihun mai ita, wanda aka buge kuwa bai kamata ya rasa magani ko iyalinsa su rasa abinci don mai motar talaka ne ba. Sai aka ce kowane mai mota ya zuba kaɗan a tukunya ɗaya, wanda tsautsayi ya faɗa ma a ɗiba a biya a madadinsa.

A ƙasar Nijar, bayan samun mulkin kai a 1960, wannan sana'a ta daɗe a hannun rassan kamfanonin Faransa, har zuwa ƙarshen shekarun 1970 da aka kafa kamfanin ƙasa mai suna Leyma. Daga baya wasu suka biyo, irin su CAREN da NIA. Amma dokar da dukansu ke aiki da ita ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ran 10 ga watan Yuli na 1992, a birnin Yawunde na ƙasar Kamaru, ƙasashen Afirka masu kuɗin sefa suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar CIMA, wadda ke da mazauninta a Librebil, babban birnin Gabon. Ƙasashe 14 ne ke cikinta, har da Nijar, da Benin, da Burkina Faso, da Mali, da Cadi, da Senegal. Kundin dokokinta ya fara aiki ran 15 ga Fabrairu na 1995. Saboda haka abin da ya halatta ga kamfani a Yamai shi ne ya halatta a Kwatano ko a Bamako, kuma duk gardamar farmi a cikin ayoyin wannan kundi ake warware ta.

Aya ta 200 ita ce tushe. Ta wajabta ma kowane mutum ko ƙungiya da ke son sa abin hawa mai inji a kan hanya, mota ce ko babur ko tirela, ya yi asiransin da zai biya ɓarnar da abin hawan zai yi ma wasu, a jikinsu ko a dukiyarsu. Gwamnati kaɗai aka keɓe, ita ke ɗaukar nauyin motocinta da kanta. Amma motar da ma'aikacin gwamnati ya saya da kuɗinsa tana cikin doka kamar ta kowa. Abin lura a nan shi ne, ayar ba ta ce sai mai farmi ne zai yi asiransi ba. Ɗan kasuwar Katako da ya sayi babbar mota ya ba direba, da matar da ta gaji taksi daga mijinta tana ci da marayu da shi, da ƙungiyar manoma da ta sayi motar ɗaukar albasa, duk ba su da farmi, kuma duk wajibi ne su yi asiransi. A nan mai motar da ke gardama ya yi gaskiya: rashin farmin mai mota ba ya hana a yi ma motarsa asiransi. Ayar ta ƙara da cewa asiransin ya shafi duk wanda ke riƙe da motar ko ke tuƙa ta, ko da ba da izini ba, ban da masu gyaran motoci da masu sayar da su da masu duba lafiyarsu, waɗanda ke da nasu asiransin na sana'a.

To, in haka ne, farmin wa kamfani ke tambaya, kuma da wane iko?

Ranar yanka takarda

Asiransi ciniki ne, amma ciniki ne na abin da bai faru ba tukuna. Kamfani yana karɓar kuɗi kaɗan yau, ya yi alkawarin biyan mai yawa gobe in abu ya ɓaci. Ba zai iya yanka farashi ba sai ya san irin haɗarin da yake ɗauka, kuma ba mai iya gaya masa sai mai motar. Shi ya sa aya ta 12 ta ɗora ma mai yin asiransi wajibin amsa tambayoyin kamfani daidai yadda abin yake, musamman tambayoyin da ke cikin takardar da ake cikawa tun farko. Wa zai riƙa tuƙa motar? Shekarunsa nawa? Yaushe ya sami farmi, kuma na wane aji ne? Duk waɗannan tambayoyi ne na halal.

Aya ta 212 ta ƙara bayyana dalili. Kowane kamfani yana da ikon yanka farashinsa, muddin bai gaza mafi ƙarancin farashin da hukumar duba kamfanoni ta amince da shi ga kowace ƙasa ba. Wannan farashi kuwa an gina shi a kan yankin da motar ke yawo, da irin motar da aikin da ake yi da ita, da kuma sana'a da halin direban da ya saba tuƙa ta. Tun da doka da kanta ta sa direba cikin ma'auni, ba yadda za a ce kamfani ya rufe ido daga takardar da ke bayyana direban. Haka kuma aya ta 6 ta nuna cewa neman asiransi bai ɗaure kowa ba, ko mai nema ko kamfani, sai an ƙulla yarjejeniya. Ma'aikacin da ya ce ba zai yanka takarda ba sai ya ga farmin wanda zai tuƙa motar bai keta doka ba. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya matsa sai mai motar da kansa ya kawo farmi alhali an gaya masa wani ne direba, ko ya riƙe farmin mutum a aljihun teburinsa. Dubawa da ɗaukar hoton takarda sun ishe shi. Karɓe farmi aikin hukuma ne.

Amma akwai abin da masu gardama ba su sani ba, wanda da sun san shi da su ne za su fara miƙa farmin tun ba a tambaye su ba. Ƙarshen aya ta 207 ya yi maganar farmin da aka bayyana ma kamfani ranar ƙulla yarjejeniya ko ranar sabunta ta. In aka bayyana shi, daga baya ya zamana ba ya aiki saboda wurin da mai shi yake zaune ko tsawon zaman da ya yi a wurin, kamfani ba shi da ikon fakewa da wannan ya ƙi biya. Wannan ya shafi mutane da yawa a Yamai, birnin da ke cike da direbobin da suka yi farminsu a Sakkwato ko Kano ko Kwatano ko Lome kafin su zo su zauna. Haka nan in an rubuta wani sharaɗi a kan farmin, kamar a ce mai shi ya riƙa sa tabarau, ya kuwa manta da su ranar haɗari, kamfani ba zai kafa hujja da wannan ba. Sharaɗi ɗaya ne ba a yafewa, shi ne na ajin mota. Ashe nuna farmi garkuwa ce ga mai mota: abin da kamfani ya gani da idonsa ya karɓi kuɗi a kansa, ba zai dawo ya ce bai sani ba.

Wanda ya ɓoye gaskiya kuwa, hukuncinsa iri biyu ne, gwargwadon niyyarsa. In kuskure ne ba da gangan ba, aya ta 19 ta ce in an gano kafin haɗari kamfani yana iya ƙara kuɗi ko ya warware yarjejeniya. In bayan haɗari ne, sai a rage abin da za a biya daidai da gibin da ke tsakanin kuɗin da aka karɓa da wanda ya kamata a karɓa. A ɗauki misali: mutum ya biya jika 40, alhali da ya faɗi gaskiya jika 50 zai biya, in motarsa ta yi ɓarnar jika 500, jika 400 za a ba shi. In kuwa da gangan ya yi ƙarya, kamar ya kawo farmin jabu, ko ya rubuta sunan wansa mai tsohon farmi alhali ƙanen da bai iya ba ne ke tuƙi kullum, aya ta 18 ta ce yarjejeniyar ta rushe tun daga tushe, kuɗin da ya biya kuma sun zama na kamfani. Wannan ya fi kowane hukunci muni, gama yana iya jawo gardama har a kan haƙƙin bawan Allah da aka buge a hanya, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Doka ba ta bar kamfani sakaka ba ita ma. Aya ta 7 ta ce in ya yi tambaya dunƙule, aka ba shi amsa dunƙule, ba shi da ta cewa daga baya. Aya ta 6 ta wajabta masa ba mutum takardar bayani a kan farashi, da abin da za a biya, da abin da ba za a biya ba, tun kafin a sa hannu. Aya ta 8 kuma ta ce duk sharaɗin da ke hana biya ba ya aiki sai an buga shi da harufan da ke bayyane ƙwarai. Waɗannan takardu da Faransanci ake rubuta su, Faransancin ma irin na masu shari'a. Wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, ko ma wanda ya yi lakwal, ba abin kunya ba ne ya ce ma ma'aikaci ya karanta masa sharuɗɗan hana biya ɗaya ɗaya, ya fassara masa da Hausa ko da Zabarmanci. Don a gan su aka ce a buga su da manyan harufa.

Ranar haɗari

A nan ne zancen ya fi nauyi. Aya ta 207 ta yarda kamfani ya sa sharaɗi a cikin yarjejeniya cewa ba zai ɗauki nauyi ba in a lokacin haɗari direba bai kai shekarun tuƙi ba, ko ba shi da farmi mai aiki wanda doka ta tanada domin irin wannan mota. Kalmomi uku ne ke da muhimmanci: lokacin haɗari, mai aiki, da irin motar. Ba farmin da aka nuna a biro wata shida da suka wuce ake dubawa ba, a'a, na wanda hannunsa ke kan sitiyari sa'ad da abin ya faru. Farmin da hukuma ta dakatar, ko wanda wa'adinsa ya ƙare ba a sabunta ba, ba mai aiki ba ne. Wanda ya manta da farminsa a gida kuwa yana da farmi. Tsakaninsa da ɗan sanda ne, ba ruwan kamfani.

Maganar aji ita ce ta fi kama mutane. Farmi aji aji ne: A domin babur, B domin ƙananan motocin da nauyinsu haɗe da kaya bai wuce kilo 3,500 ba, kujerunsu kuma ba su wuce 8 ba ban da ta direba, C domin manyan motocin kaya, D domin motocin fasinja masu kujeru fiye da haka, E domin masu jan tirela. Direban da ya shekara goma yana tuƙa taksi mai jan kai a cikin Yamai ba tare da ya taɓa ko kaza ba, ran da ya hau faba-faba mai kujera 19 da farmin B, a idon doka daidai yake da wanda bai taɓa shiga makarantar koyon tuƙi ba. Haka yaron mota da ya ƙware a hannun maigidansa tsakanin Dosso da Dogondutsi, ana ba shi sitiyari in dare ya yi maigida ya gaji. Ƙwarewa daban, takarda daban.

Kamfani ba ya rasa hanyar sanin gaskiya. Ƴan sanda ko jandarmomin da suka zo suka yi kwansta suna rubuta sunan direba da bayanin takardunsa, kuma aya ta 230 ta wajabta masu aika ma kamfanonin da abin ya shafa takardar bayanin haɗari cikin wata 3. Shi kuma mai asiransi wajibi ne ya sanar da kamfani cikin wa'adin da yarjejeniya ta yanka, wanda ba ya gaza kwanakin aiki 5, ko awa 48 in sata ce. Tambayar farmin direba a wannan lokaci ba ta da wata gardama: tun da sharaɗin yana cikin yarjejeniya, kamfani yana da ikon ya tabbata ko an cika shi. Sai dai ƙa'idar shari'a ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja. Kamfanin da ke son kuɓuta ta ƙofar wannan sharaɗi shi ne zai nuna cewa direba ba shi da farmi, zato kaɗai bai isa ba.

To, a ce an tabbata direba ba shi da farmi. Me zai faru?

In ana maganar motar mai asiransi ce, ga wanda ya ƙara kuɗi domin a gyara masa tasa motar, ya yi hasara. Ba za a ba shi ko dala ba, sai ya nufi garejin makaniki da aljihunsa. Amma in ana maganar wanda aka buge ne, labari ya sha bamban. Aya ta 210 ta jera abubuwan da kamfani ba shi da ikon kafa hujja da su a kan wanda haɗari ya rutsa da shi ko magadansa, kuma rashin farmi yana ciki, haka ma ragin nan na aya ta 19. Yarinyar da ke tsallaka titi da tiren goro a gaban Babbar Kasuwa ba ta da hanyar duba aljihun direban da ke tafe, saboda haka ba ita za ta ɗauki laifinsa ba. Kamfani zai biya kuɗin asibiti, da diyyar naƙasa, da haƙƙin magada in rai ya salwanta. Fasinjojin da ke cikin motar su ma suna cikin masu haƙƙi, har da iyalin direba da na mai motar, gama aya ta 200 ta lissafa su cikin waɗanda ake biya. Direban kansa kuwa, wannan asiransi na dole bai rufe shi ba.

Amma fa biyan da kamfani ya yi, a madadin mai laifi ya yi shi. Ayar ta ba shi ikon juyowa ya bi mai alhakin haɗarin bashin duk abin da ya biya, har da abin da ya ajiye domin biya nan gaba. A nan ne wanda ya raina maganar farmi ke gane kurensa. Ya biya asiransi shekara da shekaru, yana da takarda a gilashi, amma ran da abin ya zo sai ya tarar kamfani ya zama mai binsa bashi maimakon mai tsaya masa. Direban da aka ɗauka ana biyansa kuɗin wata ba safai yake da abin da za a kama ba. Ido sai ya koma kan maigidan da ya ba shi makulli, wanda doka ke ɗora ma alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Diyyar motar fasinja ɗaya da ta kife a kan hanyar Ƙonni tana iya cinye abin da mutum ya tara tun yana saurayi.

Ƙofa ɗaya doka ta bar ma mai mota. Sharaɗin rashin farmi ba ya aiki a kansa in an sace motar, ko an ƙwace ta da ƙarfi, ko an ɗauke ta ba da saninsa ba. Yaron da ke wanke mota ya ga makulli a rataye, maigida yana barcin rana, ya ce bari ya kai ta bakin titi ya dawo, ya buge mai keke: kamfani zai biya mai keke, ba zai bi maigida ba, sai dai ya bi wanda ya ɗauki motar. Amma uban da ya miƙa ma ɗansa mai shekara 16 makulli da hannunsa ya ce ya je ya sayo ƙanƙara a Yantala, ko wanda ya saba ganin yaron yana fita da motar yana yin shiru, da wuya ya shawo kan alƙali cewa ba da saninsa ba ne. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a unguwannin masu hali, har wasu iyaye suna alfahari da ita, kamar tuƙin yaro alamar wayo ce.

Masu babura su ne suka fi yawa cikin wannan hali. Babur abin hawa ne mai inji, doka ba ta raba shi da mota ba, amma ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita da ke da farmi da asiransi duka biyu ba shi ne aka fi gani ba, ko a Yamai ko a Maraɗi ko a Damagaram. Wanda ya sayi babura ya raba ma samari suna kawo masa kuɗi kowace yamma, ya sani kowane ɗaya daga cikinsu yana yawo da dukiyar maigidansa a bayan sirdi.

Laifin ba na masu mota kaɗai ba ne

Gaskiya ɗaya ce: wasu wakilan kamfanoni da dillalai suna da nasu rabon. Ranar karɓar kuɗi ba su tambayar komai ban da kartigiris, gama suna tsoron kada mai mota ya fusata ya tsallaka biron da ke maƙwabtaka. Sai haɗari ya auku a fara neman farmi, da ajinsa, da ranar da aka yi shi, kamar yau aka san da shi. Doka ta ba su wannan iko, amma kamfanin da ya tambaya tun farko ya fi wanda ya yi shiru adalci, ko da ya ɓata ma mai ciniki rai na rabin awa. Tun gyaran da aka yi ma aya ta 13 a shekarar 2011, asiransi ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa. An hana bashi ke nan. Tun da kamfani yana karɓar haƙƙinsa lakadan, ya dace ya ba da bayaninsa lakadan. Takardar da ake liƙawa a gilashi kuwa alama ce cewa an yi asiransi, tana isar ɗan sanda, amma ba ita ce yarjejeniya ba. Sharuɗɗan suna cikin ƴan shafukan da yawancin mutane ke jefawa a akwatin mota ba su sake dubawa.

Ga manyan ma'aikata da shugabannin sarwis da masu kamfanonin sufuri, aikin ba shi da wuya. Kafin a ba direba makulli a ga farminsa na ainihi, ba hotonsa ba, a gwada ajinsa da motar da zai hau, a rubuta ranar ƙarewar wa'adinsa in yana da wa'adi. In aka canja direban da aka bayyana ma kamfani, ko aka mai da motar gida ta zama ta haya, aya ta 12 ta ba da kwana 15 a sanar. Dokar hanya ta Nijar, wadda aka sabunta a 2014, tana hukunta tuƙi ba farmi ko da ba a buge kowa ba. Wannan hukunci na hukuma ne, kuma ba ya rage ko tamma daga bashin kamfani.

Girman abin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma in aka gwada da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ke kan gaba, ko da yake ita ce mai ƙarancin motoci. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Wanda ya taɓa shiga ɗakin masu karaya a babban asibitin Yamai ba ya bukatar a karanta masa lissafi.

Duk da haka iyalai da yawa ba su neman haƙƙinsu. Wasu su ce ƙaddara ce, su yafe. Wasu kuwa a gaya masu direba ba shi da farmi, saboda haka asiransi ba zai biya ba, su karɓi ɗan abin da aka kawo na gaisuwa su yi shiru. Yafewa ikon mai haƙƙi ne, ba mai hana shi. Amma wanda ya yafe don an ruɗe shi da maganar da ba ta cikin doka, ba yafewa ya yi ba, cutarsa aka yi, kuma sau da yawa marayu ne ke ɗaukar hasarar. Aya ta 231 ta wajabta ma kamfani ya gabatar ma wanda ya ji rauni tayin diyya cikin wa'adin da ta yanka, in kuwa mutuwa ce a gabatar ma magada, kuma akwai tara a kan jinkiri. Aya ta 228 ta ce wanda ba direba ba, kamar mai tafiya a ƙasa ko fasinja, ba a hana shi diyyar jikinsa don nasa kuskuren, sai in shi ya nemi cutar da gangan.

Abin da ake bukata daga mai haƙƙi shi ne a yi kwansta tun a wurin haɗari, a riƙe takardun likita da na sayen magani, a rubuta ma kamfanin da sunansa ke kan takardar motar. Aya ta 256 ta ba da wa'adin shekara 5 daga ranar haɗari domin kai ƙara gidan shari'a. In ya wuce, ƙofa ta rufe. In kamfani ya ƙi motsi, akwai sashen duba kamfanonin asiransi a ma'aikatar ministan kuɗi a nan Yamai, sama da shi kuma akwai hukumar CRCA ta ƙungiyar CIMA, wadda ke da ikon yi ma kamfani gargaɗi, ko ta dakatar da shugabanninsa, ko ta janye masa izinin aiki gaba ɗaya.